Ma'aunin da Iya Ta Koyar

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye abinci a cikinta, ya ɓoye dafi a gefen abincin, sannan ya ba wasu hannuwa sanin rarrabe su. Ku matso, ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Kwarin Tsamau, wanda ya ratsa hamadar gishiri da ƙafa, ya sha ɗauri a Birnin Zarge, ya yi bauta a tsibirin masu awo, duk don neman abu guda. Abin da na gani da idona shi zan faɗa muku, wanda ban gani ba kuwa zan ce muku ji na yi.

Kwarin Tsamau yana can bayan duwatsu tara, inda rana ke makara wajen fitowa, ta kuma yi saurin faɗuwa. Hatsinmu ba ya kai mu kaka. Kowace shekara idan rumbuna suka yi ƙasa, tun daga ruwan fari har dawa ta nuna, abin da ke riƙe da garin shi ne rizgar dutse, wadda mata ke tonowa a gindin duwatsu. To amma rizgar nan iri biyu ce, akwai ta ci, akwai ta kisa, kuma a ido ba ka raba su. Wanda ya ci ta kisa da hantsi ba ya ganin la'asar.

A duk kwarin mutum ɗaya ce ta san bambancinsu, ita ce mahaifiyata Tarana, wadda nake kira Iya. Kullum da safe mata kan jere kwanduna a ƙofar gidanmu. Iya ta ɗauki rizga, ta juya ta a tafin hannu, ta sansana, ta jefa dama ko hagu. Dama tukunya, hagu rami. An sha tambayarta yadda take ganewa, takan ce, "Ni ma ban sani ba. Hannun ne ya sani, shi kuwa ba ya magana." Ƙanwata Ladingo ta zauna gabanta damina huɗu tana koyo, amma in aka ba ta goma sai ta ɓata uku.

Ni ne ɗan farin Iya, kun kuwa san yadda abin yake. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata. Iya ba ta kiran sunana, ba ta dubana ido da ido, ba ta zama inda nake zaune. In tana son in ci abinci sai ta ce wa Ladingo, "Gaya wa wancan tuwo na hucewa," alhali ga ni tsaye tsakaninsu. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Sanin dai bai taɓa hana ni leƙenta ta ramin danga ba, tana tsinta ina kallon hannunta.

A shekarar da na gama karatu a zauren lissafi na bakin kwari, kaina na ta hayaniya da dabaru kamar gidan zuma, hannun Iya ya fara rawa, idonta ya fara yana. Rannan rizga ɗaya ta kuɓuce mata zuwa dama, maƙerin garinmu ya ci, ya rasu. Iya ta shige ɗaki kwana uku, garin ma ya yi kwana uku da yunwa, don ba wanda ya yarda ya ɗora tukunya. A kwana ukun nan na ga abin da ke tafe: ranar da hannun nan ya kwanta, Kwarin Tsamau ya kwanta.

Na taɓa jin wani falke yana cewa can gabas akwai masu ƙera abubuwa marasa rai da ke koyo. Sai na ce wa Ladingo, tunda hannu ba ya magana, zan je in samo abin da zai koya ba sai an yi masa bayani ba.

Ta ce, "Yaya, kai dai ba ka rabo da shirme. Bara ba kai ne ka ce za ka koya wa kaji bin layi ba?"

Na ce, "Ai biyu sun koya."

"Sun koya, muka yanka su ranar sunan ɗan Goggo."

Iya na bayan ɗaki tana jinmu. Sai ta ce wa Ladingo, "Gaya wa wancan hanyar gabas ba ruwa. Ya ɗauki gora biyu." Bankwanarmu ke nan.

Kwana arba'in na yi a hamadar gishiri, inda inuwar mutum kan riga shi gajiya ta zauna, dole ka tsaya ka jira ta huta. Da na fita sai ga Birnin Zarge.

A birnin nan ba a ganin sama don igiyoyi. Duk abin da ke faruwa a duniya yana da igiyarsa da ƙararrawarsa: haihuwa, mutuwa, hadari, ruwa, gobara, sata, saukar tukunya, shigowar baƙo. Abu na faruwa sai wanda ya gani ya ja igiyarsa. Tsakanin kowace igiya da 'yar'uwarta akwai siririn zare, a kan zarurrukan kuma akwai gizo-gizo masu girman ɗan akuya. Aikinsu ɗaya ne. In igiya biyu suka motsa tare, sai su ruga su ƙara wa zaren da ke tsakaninsu kauri, suna warware wanda aka daɗe ba a motsa ba don su sami abin saƙa. Saboda haka in aka ja igiyar hadari, ta ruwa kan kaɗa da kanta, mata su kwashe shanya tun ɗigo bai sauka ba.

Wallahi tsalle na yi a ƙofar gari. Ga abu marar rai yana koyo, ba wanda ya yi masa bayani! Ban sauko daga tsallen ba mai tsaron ƙofa ya ja igiyar baƙo, sai ƙararrawar sata ta ɗauka, ƙau, ƙau, ƙau. Ashe baƙi ranar kasuwa suke zuwa, ɓarayin garin ma ranar kasuwa suke aiki, gizo-gizo kuwa sun shekara ɗari suna saƙa tsakanin biyun.

Aka kai ni gaban alƙalinsu, wani dogon mutum mai suna Mayau.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, me na sata?"

Ya ce, "Ba mu sani ba tukuna. Igiya dai ta ce sata."

"To in igiyar ta yi kuskure fa?"

Duk zauren ya fashe da dariya. Alƙali ya share hawaye ya ce, "Yaro, wa zai gaya mata?"

Hukuncinsu ga baƙo shi ne a kulle shi a hasumiya, a ɗaura masa bakin igiyar baƙo a ƙafa har kwana arba'in. Ranar cikon arba'in a ja igiyar gaban jama'a. In ƙararrawar sata ta amsa, a sare masa hannu.

Kwana biyu na yi ina kuka, a na uku na fara sauraro. Na lura cewa sata sau ɗaya ake yi a mako, amma igiyar saukar tukunya sau uku ake janta a yini, a kowane gida. Daga ranar, duk sa'ad da na ji ƙararrawar abinci sai in fizgi ƙafata da iyakar ƙarfina. Gida dubu ne a birnin. Na fizga har igiya ta ci mini idon sawu, ga tabon nan har yau. Ta taga ina ganin gizo-gizo suna kai da komo.

Mai gadina, wani tsoho Cindo, ya ce, "Kai baƙo, ƙafar nan taka iska gare ta?"

Na ce, "Sauro ne, Baba."

"Sauron garinku da hankali yake, ba ya cizo sai an sauke tukunya."

Ya gane, amma bai tona ba. Allah ya saka masa. Abin da ya fi igiyar ciwo shi ne, kowace ƙararrawa ta kaɗa sai in ji muryar Iya tana gaya wa Ladingo tuwo na hucewa, in rasa ko tana nan, ko hannun yana nan.

Ranar arba'in alƙali ya ja igiyar baƙo. Ƙararrawar sata ta ɗan yi tari ta yi shiru, ta abinci kuwa ta ɗauka har hasumiya na girgiza. Yara suka fito da akusa a guje. Alƙali Mayau ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Igiya ta ce a ba ka abinci." Aka cika mini ciki, aka sake ni.

Na fita ban nemi ko zare ɗaya ba. Abin nan yana koyo, amma da na kai shi gida zai koyi cewa tarin Ladingo ne ke sa rizga dafi, in dai sun faɗo tare sau uku. Ina bukatar wanda za a ce masa ka yi kuskure, ya ji.

Na ci gaba gabas wata tara har bakin Tafkin Madubi, wanda in ka leƙa shi ba fuskarka kake gani ba, ƙeyarka kake gani. Masu fito a nan ba su da jirgi, a bayan manyan kififfiya suke ƙetarar da mutane. Haka na isa tsibirin masu awo, na faɗa hannun shugabansu, Baba Korau, wani gajeren tsoho mai gira kamar tsintsiya. Na zayyana masa labarina da dabaru goma sha ɗaya da na tsara a hanya. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini rariya.

Ya ce, "Tankaɗe yashi. Shekara ɗaya. Bakin nan naka ma ya huta."

Bayan shekara ya nuna mini ma'auni. Sanda ce doguwa a rataye a tsakiyarta, da faranti a dama da faranti a hagu. A gindinta akwai turaku goma sha biyu, kowane turke tambaya ce da ko makaho zai amsa. A ranar ƙwai suke koya mata, ta raba mai kyau da baragurbi. Ƙwan yana da nauyi? Ja turke. Yana motsi in an kaɗa? Ja turke. Kowane turke yana riƙe da 'yan jakunkuna biyu na yashi, in aka ja shi ɗaya ta sauka a farantin dama, ɗaya a na hagu. Inda sanda ta karkata, nan ne hukuncinta.

Baba Korau ya ce, "Yanzu sai mai sani ya faɗi gaskiya. In ta ce dama, alhali hagu ne, ka bi turakun da ka ja su kaɗai, ka ɗebi yashi da yatsa uku daga jakar dama ka zuba a ta hagu. In ta ce hagu, alhali dama ne, ka juya. Shi ke nan karatun."

Na ce, "In ta yi daidai fa?"

"Ka kama hannunka."

"Ko ɗan tukuici ba a ba ta?"

"Ita maroƙiya ce?"

Na zauna na ga abin al'ajabi. Da fari hukuncinta kamar na mahaukaci. Bayan ƙwai ɗari ta fara kamawa, bayan dubu ta daina kuskure, alhali ba wanda ya taɓa gaya mata yadda ake gane baragurbi. Yashin ne ya tafi inda ya dace da kansa, yatsa uku yatsa uku. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Na ce da wannan sai a koya mata cuta da magani, da hadari, da halin mutum!

Ya ce, "Zo ka ga yayana."

Ya kai ni bayan tsibiri, inda wani tsoho tukuf yake zaune gaban ma'auni, yana ɗibar yashi daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama. Bai ko ɗago ba.

Baba Korau ya ce, "Jatau ke nan. Shekara talatin yana nan. Kifin tafkin nan yana fitowa in akwai iska ba gajimare, ko in akwai gajimare ba iska. In duka biyun suna nan ba ya fitowa, in babu ko ɗaya ba ya fitowa. Ko jikata ta san wannan. Shi ya rantse sai ma'auni ta sani."

Ya durƙusa ya ajiye duwatsu huɗu a ƙasa kamar kusurwoyin ɗaki, farare biyu suna kallon juna a karkace, baƙaƙe biyu haka. Fararen su ne ranakun fitowar kifi, baƙaƙen ranakun da ba ya fitowa. Ya ba ni sandarsa ya ce, "Ajiye ta sau ɗaya, farare gefe, baƙaƙe gefe."

Na juya sandar nan har rana ta yi sanyi. Duk inda na ajiye ta sai fari ɗaya ya bi baƙi.

Na ce, "A lanƙwasa sandar."

"Ma'auni ba ta lanƙwasa. Duk abin da sanda ɗaya miƙaƙƙiya za ta raba, na rantse maka za ta koye shi, ko ta daɗe. Wanda sanda ba ta raba ba kuwa, za ka ga ta kusa, ta kusa, sai ta koma baya. Har abada."

Na zabura na ce, "Baba, a ɗora ma'auni a kan ma'auni! Biyu a ƙasa su yanke, ta sama ta auna hukuncinsu!"

Ya ce, "Sannu da zuwa, an riga ka da shekara talatin. In ta saman ta yi kuskure, cikin na ƙasa wa za ka rage wa yashi? Laifin wa ne?" Ya karɓi sandarsa. Ya ce, "Ana cewa bayan Baƙin Teku akwai birnin da suka san amsar. Tafiyar shekara bakwai ce. Ji na yi, ban gani ba, cikin waɗanda suka tafi kuma ba wanda ya dawo."

Dokar tsibirin ita ce ba a fita da ko ƙwayar yashi, sai an wanke mutum tas a bakin ruwa an kakkaɓe rigarsa. Saboda haka na auna kowace gaɓa ta ma'aunin da kamu da taƙi na jikina, na mai da lissafin waƙa, na fita ina rera ta. Masu wankin suka ce bautar ta taɓa mini kai.

Shekara biyar cif na yi rabona da gida. Na tarar Ladingo da goyo, na tarar garin ya rame. Iya na nan, amma idon ya tafi gaba ɗaya, kuma tun rasuwar maƙeri ba ta sauri. Duk rizgar da ta yi shakka a kanta rami take jefa ta, sai ya zama rabin kwanduna kawai take gamawa a yini. Na durƙusa na gaishe ta. Ta juya fuska ga bango, ta ce wa Ladingo, "Tambayi baƙon ko ya ci abinci."

Na sassaƙa ma'auni da itacen kanya, na ɗinka jakunkuna, na tsara tambayoyi goma sha biyu: kaushin bawo, warin kanwa, nauyi, gashin saiwa, launin ruwanta in an ƙwarzana, da sauransu. Sai matsala ta taso. Dole mai sani ya zauna dab da mai jan turaku, Iya kuwa ta ce ita ba ta zama da wancan.

Ladingo ta ce, "Haba Iya, wa ya ce da shi za ki zauna? Da ma'auni za ki zauna. Shi ai baranta ne kawai, kamar jaki da mai kaya."

Na ce, "Na gode, Ladingo."

Iya ta ce, "To a kawo yarinyar in gani." Ta shafa sandar daga kai zuwa kai, ta taɓa jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar take kiranta 'yar nan.

Ya ku masu sauraro, na ga birnin igiyoyi, na hau kififfiya, amma ban ga abin da ya kai wannan damina ba. Ni da Iya a tabarma ɗaya, kamu biyu tsakaninmu. In duba rizga, in ja turaku, sanda ta karkata, in faɗi hukunci, in sa rizgar a tafin Iya. Ta juya, ta sansana, ta ce, "Daidai," ko ta ce, "Kin yi ƙarya, 'yar nan." Sai in ɗebi yashi.

A mako na biyu, tana juya wata rizga, ta ce, "'Yar nan, an ce daga nesa kika zo. Can inda ba ruwa. Gora biyun sun isa kuwa?"

Da ƙyar na ce, "Ta ce sun isa, Iya. Har da saura."

"To madalla. An ce kuma an ɗaure baranki a ƙafa. Yana ciwo in an yi sanyi?"

"Ta ce kaɗan."

"A riƙa shafa man kaɗe."

Haka muka yi ta yi. Ta tambayi ma'auni duk abin da ya same ni a shekara biyar, ta ba ta labarin ranar da aka haife ni, yadda aka yi ruwa da ƙanƙara, yadda aka ɗauke ni zuwa gidan kakata ita kuma ta shiga bayan rumbu don kada a ga fuskarta. Kuskure kuwa na ta raguwa. Daga arba'in cikin ɗari ya koma ashirin, ya koma biyar, ya koma biyu.

Ranar da ya koma biyu bakina ya kasa zama. Na ce wa Ladingo, a gaban Iya, "Mako ɗaya ya rage! Daga nan ba ta bukatar malami. Iya ta shiga ɗaki ta huta, ni kuma in ɗauki sana'ar in kai kwarurrukan da ke bayanmu, akwai goma sha huɗu, na lissafa!"

Iya ta tashi ta shige ɗaki. Kashegari kuskure ya zama shida. Bayan kwana uku ya zama goma. In gyara yashi, ta kusa, ta kusa, sai Iya ta ce, "Kin yi ƙarya, 'yar nan, ta kisa ce," mu koma baya. Na sauya tambayoyi, na sauya yashi, na rage ɗiba zuwa yatsa biyu. Wata biyu muna haka. Rannan na ga hannuna yana kai yashi dama yana dawo da shi hagu, sai Jatau ya faɗo mini a rai. Na ce shi ke nan, rizgarmu irin duwatsu huɗun nan ce, sanda ɗaya ba ta raba ta.

Na fara ɗinkin jakar tafiya. Ladingo ta same ni ta ce, "Ina kuma?"

"Bayan Baƙin Teku."

"Shekara nawa?"

"Bakwai."

"Bakwai zuwa, bakwai dawowa. Yaya, wa za ka tarar? Ka dubi matar nan kuwa? Ko tuwonta ba ta ci yanzu, sai ta ce a kai wa maƙwabta."

Na ce, "In na zauna, ranar da ta tafi duk garin ya bi ta. In na tafi, ko 'ya'yanki sa tsira. Ke zaɓa mini." Ta fita tana kuka.

Safiyar tafiya na ce bari mu yi zama na ƙarshe. Na ajiye jakata a gefen tabarma. Na ɗauki rizga, na ja turaku, sanda ta karkata dama. Na sa ta a tafin Iya. Ta juya ta, ta sansana.

Ta ce, "Kin yi ƙarya. Ta kisa ce."

Na kai hannu ga yashi. Iya ba ta jefa rizgar hagu ba. Ta riƙe ta, sai kawai ta kai ta baki ta gatsa.

Na yi ihu, na cafke wuyan hannunta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni. "Iya, tofar! Ladingo, kawo madara! Iya, don Allah tofar!"

Ta tauna a hankali, ta haɗiye. Ba ta ƙwace hannunta ba. Ta juya makafin idanunta wajen ma'auni, ta ce, "'Yar nan, ke ce kika yi daidai. Ta ci ce. Ta jiya ma ta ci ce, da ta shekaranjiya. Ni ce na yi ta yi miki ƙarya wata biyu. Ban taɓa ce wa ta kisa ta ci ba, Allah ne shaidata, masu kyau kaɗai na zubar, na kuma biya da tuwona. An ce in kin gama koyo za a naɗe tabarmar nan. Ni kuwa ban gama tambayarki ba." Ta numfasa. "Ki gaya wa baranki ya kwance jakar nan. Ba teku ne ya hana ki koyo ba."

Ladingo na tsaye da ƙwaryar madara, ta zauna a ƙasa inda take. Ni kuwa, mai lissafin da ya ƙirga kwarurruka goma sha huɗu, wata biyu ban lura cewa duk kuskuren gefe ɗaya yake faɗawa ba.

A ranar na zazzage jakunkuna duka, na raba yashi daidai wa daida, muka faro daga farko. Iya ba ta sake yi mata ƙarya ba. A kwana na ashirin da shida muka auna rizga ɗari uku daga hantsi zuwa la'asar, Iya ta ce daidai sau ɗari uku, muryarta na ƙara yin ƙasa. Mata suka yi guɗa a ƙofar gida, aka kwashe kwanduna duka a karon farko tun rasuwar maƙeri. Da suka watse muka rage mu kaɗai, ba mai motsi.

Can Iya ta ce wa Ladingo, "Gobe ma a fito da ita. Yarinya ce, in an bar ta ita kaɗai sai ta sangarce."

Na fito da ita. Dawa ta nuna, rizga ta ƙare, na ci gaba da fitowa da ita. Duk ranin nan mun zauna mu uku a tabarma, ni da Iya da ma'auni, ba ko rizga ɗaya a gabanmu, tana tambaya ina amsawa. Kwarurruka goma sha huɗu suka jira. Iya ta rasu saura kwana tara ruwan fari ya sauka.

Damina goma sha ɗaya ke nan, ba a sake binne kowa saboda rizga a Kwarin Tsamau ba. Kowace safiya ni ke jan turaku. Sanda ta karkata, rizga na hannuna, sai in ɗan dakata kafin in jefa ta a kwando. Ladingo takan ce, "Yaya, mata na jira, me kake saurare?" Sai in jefa, kunnena na wurin da Iya takan ce daidai.

Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda yake da mai gaya masa ya yi kuskure, ya tashi ya je ya gaishe shi tun da sauran rana.